Inna Mai Ɗiyan Mutane

Ranar da Allah Ya karɓi ran Inna, uwar maigidana, ban samu sukunin yin kuka ba sai bayan la'asar. Da hantsi aka kai ta makwancinta. Kafin maza su dawo daga maƙabarta tsakar gida ta cika da mata, har sai mutum ya tsallake ƙafafu kafin ya kai bakin randa. Kowace ta shigo sai ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo, uwarmu ta tafi, mun shiga uku." Wata mai sayar da itace ta yi ta birgima har zanenta ya kwance. Wata mai dakau ta rungume ni tana cewa duk Gusau ba a taɓa yin irin Inna ba.

Da azahar mata suka fara raguwa, sai na lura yara ba su ragu ba. Mai itacen nan da ta yi birgima ta sulale ta bar ɗanta a gindin turmi da guntun ƙuli-ƙuli a hannu. Mai dakau ta bar biyu. Sun yi gaisuwa, sun share hawaye, sun tafi neman abinci kamar kowace rana. Ga ni da baƙi daga Tsafe da Bungudu, ga tukunya a wuta, ga yara goma sha huɗu suna jan zanena suna tambaya ina Inna ta tafi.

A zaure kuma, maigidana ya ce mai unguwarmu ya daɗe yana magana har muryarsa na rawa. Wai Inna ta yi wa garin nan hidimar da ba mai iya saka mata sai Allah. Da labarin ya iso mini ciki, sai da na ajiye ludayin da ke hannuna don kada in jefi wani da shi. Shekara goma sha biyu tana zuwa ƙofar mutumin nan, ya san sarai abin da za a saka mata da shi, don ta sha faɗa masa da bakinta.

Ƙanenta, kawun maigidana, wanda ya zo daga Bilbis, shi bai yi dogon jawabi ba. Ya shigo ya yi mana gaisuwa, ya zagaya ya leƙa rumbu, ya juyo ya dube ni.

"Ina dawar da muke aiko mata duk kaka?"

Na nuna masa cikunan yaran da ke zaune a inuwa. Na ce, "Ga ta nan, Kawu."

Ya girgiza kai ya fita.

Wannan ya sa na zaunar da ƙanen maigidana, da yake shi ne mai alƙalami a gidan, na ce ya rubuta abin da zan faɗa, kada ya gyara mini magana. Na ga alamar kafin shekara ta zagayo za a mayar da Inna wata salihar tsohuwa mai son yara, mai murmushi, a manta da abin da ta yi ta faɗa a kansa. Ni na zauna da ita shekara goma sha uku. Ba ta cika murmushi ba, kuma ta gajiyar da ni fiye da duk wani ɗan Adam da na sani.

Ni 'yar Bungudu ce. Da za a kawo ni, abin da aka gaya wa iyayena kawai shi ne uwar mijin tana da son yara. Kwana bakwai suka cika, 'yan rakiya suka koma. Da safe na ɗaga asabari na ga yara biyar a jere a bakin ɗakina, Inna a tsaye a bayansu da tsintsiya.

Ta ce, "Amarya, kin huta haka nan. Wannan majina, wannan kuma wanka yake so. Ruwa na randa."

Tun daga ranar har ta bar duniya Amarya take kirana, ko da na haihu huɗu.

Ƙanwar maigidana ce ta ba ni labarin yadda abin ya fara, shekara biyu kafin zuwana, a shekarar yunwa. Lokacin Inna ba ta daɗe da fita takaba ba. Akwai wata maƙwabciya, cikin matan nan da suka fanshi kansu daga bauta suka shigo gari ba uwa ba dangi. Itace take yowa daga wajen Damba ta sayar. Wata rana Inna ta ji kukan yaro ta bayan danga tun safe har rana ta take. Ta raɓa ta shiga, ta tarar da yarinya 'yar shekara biyu an ɗaure mata ƙafa da igiya a turke, kamar akuya, ƙwaryar ruwan da aka ajiye mata ta kife tuni. Ta kwance ta ta kawo gida. Da uwar ta dawo, Inna ta tare ta da faɗa tun daga bakin ƙofa. Matar ta sauke itacen ta tsaya har Inna ta gama, sannan ta ce, "Inna, jariri na baya, itace na kai. Wannan ina zan sa ta? In na sake ta, ga rijiya can ba murfi."

Sai Inna ta ce, "Gobe ki kawo ta." Kafin Juma'a yaran sun zama uku.

In an ce tana riƙon yara, wani zai ɗauka zuba su take yi a tsakar gida ta ba su kunu. Da haka ne da na huta. Kowace safiya sai ta duba kowa, ido da kai da farce, kamar mai sayen tunkiya. Wanda ta ga ido ya yi ja ta ware shi gefe. Ba ta yarda a bar yaro shiru. Tun safe take hira da su, har jariran da ba su san komai ba tana tambayarsu labari tana ba kanta amsa. In na ce, "Inna, wannan me ya sani?" sai ta ce, "Ke da wa kika koyi magana, da turmi?" Duk wanda bakinsa ya buɗe sai ya haddace unguwarsu da sana'ar uwarsa, ko da zai ɓata a kasuwa. Tana tara musu 'ya'yan tsamiya suna ƙidaya da su, tana ba su wake su tsince tsakuwa, tana fitar da su bayan gida tana nuna musu ganyen da ake ci da wanda ba a taɓawa. Da hantsi matar limamin unguwa takan leƙo ta biya musu Fatiha. Inna takan yi musu waƙa kuma, da wata murya da ko kaji ba sa tsayawa saurare.

Ba ta dukan ɗan kowa. Iyayen take ajiye wa faɗan. In mace ta kawo yaro da dauɗar jiya, har layi na uku sai an ji.

Ba ta yanka wa kowa lada ba. Mai gero ta kawo tafi guda, mai itace ta ajiye 'yan ƙirare. Akwai wata Bafillatana daga wajen Ruwan Bore da take barin ɗanta ranar kasuwa ta zagaya da nono, ita ba ta taɓa tafiya ba ta zuba mana a ƙwarya ba. Wadda ba ta da komai aka ce ta yi shara. Da yawa ba su kawo ba, ba su kuma yi sharar ba. Sauran kuwa daga rumbunmu yake fitowa, kuma hannun da ke daka shi nawa ne. Maigidana, mai jakai ne yana dakon auduga, in na kai masa ƙara sai ya tuna akwai jakin da bai sha ruwa ba.

Akwai abin da ta yi mini wanda har yau ban san inda zan ajiye shi ba. Shekarar da wani mugun tari ya shigo gari yana kwasar mutane gida gida, ɗana na fari ya tafi yana wata bakwai. Kwana uku ina ɗaki, ba ci ba magana, nono na zuba yana jiƙa mini zane. A layinmu wata mai ɗiban ruwa ta rasu ta bar jaririya 'yar wata huɗu, an yi ta ɗura mata ruwan kunu tana mayarwa. Da safe Inna ta shigo ba sallama, ta ɗora mini yarinyar a cinya.

Na ce, "Inna, ɗauke ta."

Ta ce, "Nononki na zuba ƙasa, ita kuma tana mutuwa."

Na ce, "Ɗana ko kwana bakwai bai yi da rasuwa ba. Ba ki da tausayi ne? Jikanki ne fa."

Ta ce, "Na sani. Ni na wanke shi."

Ta fita ta saki asabari, ta zauna a bakin ƙofa da mazarinta tana kaɗi, yadda ba zan wuce ba sai na tsallake ta. Yarinyar ta yi ta kuka har muryarta ta dushe ta koma kamar ta ɗan kyanwa. Na juya mata baya. Na toshe kunne. Ban san lokacin da na ɗauke ta ba, na dai san kafin azahar tana sha ina kuka, Inna kuma a waje mazarinta ya daina juyawa. Yarinyar nan ita ce babbar 'yata yanzu, ba ta san wata uwa ba. Na sha cewa da Inna ta bari ko kwana biyu ne in numfasa. Na kuma san yarinyar ba za ta kai kwana biyun ba. Duk da haka akwai yadda ake yi wa mutum magana, Inna ba ta taɓa koyonsa ba.

Maganar zuwa ƙofar manya kuwa ta samo asali ne daga haraji. Wata shekara mai unguwa ya zo zagaye da mutanensa, ya tsaya a ƙofarmu ana lissafa magidanta. Inna ta fito da goyo a baya, wani a kafaɗa.

Ta ce, "Mai unguwa, abin nan da kuke tarawa, ina yake zuwa?"

Ya ce, "Baitulmali, Inna. Da shi ake hidimar gari."

"Wace hidima?"

Ya fara lissafa mata: dogarai, gyaran hanya, rumfunan kasuwa, abincin 'yan gidan yari.

Ta ce, "Tsaya. Ɓarawo ana ba shi tuwo?"

Ya ce, "Ai dole, ba a barinsa da yunwa."

Ta ce, "To madalla. Ke nan waɗannan sai sun girma sun yi sata kafin gari ya san suna da ciki?"

Mutanen da ke bayansa suka fashe da dariya. Shi ma ya yi, ya ce za a duba. Wannan kalma, za a duba, na ji ta har na tsane ta.

Abin da take nema bai taɓa canzawa ba. Ta ce matan nan su ne ke ɗebo ruwan gari, su yo itacensa, su daka hatsin attajiransa, su ɗauki audugar da ake taƙama da ita. Gari na cin guminsu, to gari ya ɗauki wani abu na nauyin ɗiyansu. A ware dawa duk kaka daga abin da ake tarawa, a ba da fili a yi rumfa babba, a samu mata biyu ko uku masu hankali a riƙa ba su abin tuwo su zauna da yaran, a kowace unguwa, ba gidanta kaɗai ba. Takan ce, "Ni zan mutu. Rumbun ƙanena ma yana da ƙasa."

Duk Juma'a bayan an sauko sai ta yafa mayafi ta tafi ƙofar mai unguwa. Wata rana ya ce ya kai maganar gaba. Wata rana ya ce a takardar Nasara ba a buɗe wa yara gurbi ba, ba a san inda za a rubuta su ba. Wata rana ya ce raino ai aikin uwa ne, in uwa ba ta nan sai kaka. Ta ce, "Wadda anka sayo uwarta daga wata ƙasa, ina za ta samo kaka?" Ya ce za a duba. Daga baya in ya hango ta sai ya shige gida a ce ya fita. Ta gane, ta koma zama a ƙofar baya.

Da aka kafa injin gurzar auduga aiki ya ƙaru, mata suka ƙaru, yaranmu suka haura ashirin. A shekarar ne ta yi abin da ya sa na kasa fita unguwa wata guda. Wata safiya ta ce in goya ɗaya in riƙe biyu, za mu fita. Na ɗauka gulbi za mu. Ta jera su, manya na riƙe da hannun ƙanana, ta bi da mu ta tsakiyar kasuwa har ƙofar wani babba cikin manyan gari, wanda aka ce maganar tana makale a wurinsa. Ta zaunar da su a gaban zaure, a inda baƙi ke sauka, ta zauna ita ma ta miƙe ƙafa.

Wani bafade ya fito ya ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Ɗiyan gari ne na kawo wa masu gari. In rana ta faɗi iyayensu za su zo nan su ɗauka."

Kafin a jima ɗaya ya yi fitsari a kan tabarmar baƙi, biyu suna kokawa, jaririn da ke bayana ya buɗe maƙogwaro. Mutane suka taru. Ni na ja mayafi na rufe fuska ina roƙon ƙasa ta tsage. Can babban ya fito da kansa. Ban ga fuskarsa ba, takalmansa kawai na gani. Inna ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta faɗi maganarta daga farko har ƙarshe, ba ta rage ko kalma ba. Ya saurara, in ba shi haƙƙinsa. Ya ce tsohuwa ta yi gaskiya, a kai mata dami goma na dawa, sauran kuma za a zauna a kai.

Muka dawo Inna na tafe kamar wadda ta ci yaƙi. Bayan kwana tara aka kawo dami uku. Da na sussuka, rabi gari ne, ƙwari sun riga mu. Ba a sake kawo komai ba, ba a kuma zauna ba.

Da nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma labari ya bazu cewa yanzu gari ne ke ciyar da gidan Inna. Mai kawo tafin gero ta daina. Mai ƙirare ta daina. Wata ma ta ce mini a bakin rijiya, "Ai kun ji daɗi, hatsin sarauta kuke ci." Sababbi suka yi ta kawo yara tun daga wasu unguwanni. Muka koma baya fiye da inda muka fara.

A tsakiyar wannan ne na shiga ɗakina wata rana na tarar babu tasoshina na jere, waɗanda uwata ta tara mini tun ina yarinya. Na fito na gan su a ƙasa, yara sun kewaye su hannu dumu-dumu da tuwo, ɗaya har an lotsa mata baki.

Na ce, "Inna, wa ya ɗauko waɗannan?"

Ta ce, "Ni. Akusa ba su isa ba. Suna can a jere ba sa cin komai, ba sa ciyar da kowa."

Na goya ƙaramin ɗana, na kama hannun sauran, na bi ayarin masu jakai zuwa Bungudu. Na rantse ba zan dawo ba sai an zaɓa, ko ni ko ɗiyan mutane.

Kwana shida ina gidanmu. Na yi barcin rana, abin da na manta yadda ake yi. Maigidana ya aiko ƙaninsa biko, na ce ya koma. Rana ta bakwai da la'asar ina tsince shinkafa sai na ji jaki a ƙofa. Inna ce, ƙafafunta sun kumbura, da jariri a baya da wata 'yar yaye a gabanta, ba ko ɗaya da ke da jini da mu. Ta rarraba sauran a maƙwabta, waɗannan biyun ba wanda ya karɓa.

Uwata ta shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa. Suka gaisa. Na zauna ina jira in ji ban haƙuri. Inna ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta fito da tasar nan da aka lotsa, an kai wa maƙeri ya buge ta ta miƙe, an goge ta da toka tana ƙyalli. Ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Sauran na ɗakinki, na mayar." Sannan ta ce, "Amarya, tukunyar nan ba na iya sauke ta ni kaɗai. Jiya ta kusa zube wa wani a ƙafa."

Iyakar ban haƙurin ke nan. Uwata, wadda na ɗauka za ta tsaya mini, tana ta kallon 'yar yayen nan da ta yi barci a zaune. Ta ce da ni, "Tashi ki haɗa kayanki." Da muka koma Gusau na yi kwana uku ba na yi wa kowa magana a gidan, amma na sauke tukunyar.

Shekarun aikin hanyar jirgin ƙasa su suka ƙarasa ta. Gari ya cika da leburori, mata suka samu kasuwar tuwo da fura a bakin aiki, tun asuba sai magariba. Har wata mata da ba ma jin harshenta ta zo ta tsaya a ƙofa da ɗanta, ta nuna shi, ta nuna tsakar gida, ta haɗa tafin hannu. Inna ta ce, "Shigo da shi, kuka dai duk iri ɗaya ne." Na ce, "Inna, ina za mu sa shi?" Ta ce, "Inda munka sa na jiya." Bayanta ya ranƙwafe, idonta ya rage, amma Juma'a ba ta wuce ta. Da tafiya ta gagara, sai ta sa maigidana ya ɗora ta a jaki ya kai ta ƙofar mai unguwa, shi yana tsaye nesa kamar bai san ta ba.

Jirgin ya iso a shekarar nan, duk gari aka tafi kallo. Ita ba ta je ba. Ta ce, "An samu abin shimfiɗa ƙarfe tun daga Zariya, an rasa na rumfar kara."

Ciwonta na kwana goma sha ɗaya ne. Ta hana a kore yaran, ta ce shirun ne zai kashe ta. Ranar da ya rage mata kwana ɗaya ta kira ni, ta kama hannuna. Na matso, zuciyata ta karye, na ce yau dai za ta faɗa mini wata magana mai taushi. Ta ce, "Yaron nan mai tari, kada ki haɗa masa ludayi da sauran." Na ce to. Ta ce, "Kuma kunun jiya ya yi ruwa." Washegari bayan an yi sallar asuba ta cika, da kalmar shahada a bakinta.

Ana saura kwana uku a yi sadakar arba'in muka ji hayaniya a ƙofa. Jakai ne, ɗauke da dawa dami goma cif, sabuwa, jawur, ba ƙwaro ko ɗaya. Ɗan aiken ya ce daga manyan gari ne, mai unguwa ya kai musu labarin rasuwar, sun ce a yi wa baiwar Allah sadaka da ita, a ciyar da waɗanda za su zo addu'a.

Na tsaya ina kallon dawar nan har idona ya yi zafi. Ashe akwai ta. Ashe an san hanyar gidan.

Kawu ya riga ya iso daga Bilbis. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce wannan girmamawa ce ga zuriya duka, a sussuke a yi tuwo da waina yadda duk wanda ya zo zai san ba a banza ta rayu ba. Na ce to, Kawu. Da suka tafi masallaci na kira mai itace da mai dakau, na ce yau za su yi sharar da suka daɗe ba su yi ba. Muka kwashe dami tara muka zuba a rumbu, na liƙe bakinsa da laka. Ɗaya na sussuka.

Ranar arba'in zaure ya cika har waje, da mai unguwa da wakilin manyan da suka aiko. Aka fitar musu da kunu da ɗan gumba, abin da kowane talaka ke fitarwa. Yara kuwa a ciki na tuƙa musu tuwo da miyar kuka har da man shanun da Bafillatanar nan ta kawo, suka ci suka bar saura. Aka yi addu'a aka watse, wasu na waiwaye.

Kawu ya shigo yana huci, maigidana na biye da shi.

"Ina dawar da anka aiko?"

"Tana rumbu, Kawu."

"Ta sadaka ce! Kin kunyata mu gaban manyan gari!"

Na durƙusa, don babba ne. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Sadakar ce ake yi, kullum da rana, har ta ƙare. Su waɗanda sunka zo yau kowa da tuwo a gidansa."

Ya juya wajen maigidana ya ce, "Kana ji? Ba za ka yi magana ba?"

Na ɗauka jakin da bai sha ruwa ba zai tuna. Sai na ji ya ce, a hankali, idonsa a ƙasa, "Kawu, a bar ta a rumbun." Shekara goma sha uku ina jiran mutumin nan ya buɗe baki, sai da uwarsa ta kwanta dama.

Kawu ya koma Bilbis bai yi mana sallama ba, ya kuma aiko cewa daga bana kada mu sa ran ko zangarniya daga gonarsa. Ban ga laifinsa sosai ba, ya yi shekaru yana noma wa ɗiyan da bai san iyayensu ba. Na auna abin da ke rumbu da ido, in an yi tattali zai kai mu farkon damina. Yaran yau su goma sha tara ne. Ban taɓa cewa zan gaji wannan aiki ba, ba wanda ya tambaye ni, kuma har yanzu ban ce na karɓa ba. Na dai gaya wa iyayen, da babbar murya yadda layi na uku zai ji, cewa gari bai ɗauki nauyin kowa ba, wadda ta zo hannu sake ta zo da tsintsiya.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba ta hutun da ta hana kanta ta hana ni. Ni na yafe mata tasoshin. Na kunun ne ban gama yafewa ba, don kunun nan bai yi ruwa ba.